Aiki yana kirana a Duwala, jinyar mahaifiyata ta riƙe ni a Garwa

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne mai shekara 41, ina zaune a unguwar Yelwa a Garwa, arewacin Kamaru, kuma shekara 11 ke nan ina riƙe da sito a wani kamfanin sayar da kayan gini. Albashina sefa dubu 110 ne a wata, rabon da a ƙara mini ko dala shekara huɗu ke nan, sau da yawa kuma sai sabon wata ya yi nisa kafin a biya mu. Wani abokina ya kira ni daga Duwala ya ce an sama mini irin wannan aikin a kan dubu 190, amma lalle in iso cikin mako uku. Damuwata ita ce Inna, mahaifiyata, ta samu shanyewar ɓarin jiki tun bara, tana gidanmu na gado inda nake zaune, ni da matata muke jinyarta. Ƙanena yana kasuwanci a Yawunde, ƙanwata ɗaya tana aure a Marwa, ɗayar tana nan Garwa. Lokacin da ciwon ya kama Inna na ranci dubu 300 a wurin maigidana, ana cire dubu 25 duk wata, saura dubu 200. Na riga na kwashi adashi, saura zubi biyar. 'Ya'yana huɗu, babbar za ta zana jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta BEPC a bana. Maigidana ya san duk wannan, har ya taɓa ce mini a gaban yara masu dako babu inda zan iya zuwa. Abokaina suna cewa tsoro ne kawai yake hana ni ci gaba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na fara jin haushin jinyar a raina, sai in yi ta istigfari. In tafi ne ko in zauna?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa wannan ciwo ya zama kaffara, ya kuma saka wa maiɗakinka da alheri.

Abokanka sun yi maka gurguwar fahimta, kuma ina so ka sauke maganarsu daga ranka tun kafin mu shiga lissafi. Saurayin da ba shi da kowa a wuyansa yana iya ɗaukar jakarsa yau da safe ya hau mota zuwa Ngawundare, ya kwana a jirgin ƙasa ya wayi gari a Yawunde, in abin bai yi ba ya dawo gidan ubansa babu wanda ya kwana da yunwa saboda shi. Kai kuwa duk takun da ka yi akwai mutum shida da za su ji shi a jikinsu, ɗaya daga cikinsu ba ta iya tashi daga kan gado sai an ɗaga ta. Doka ta ba ku 'yanci iri ɗaya na barin aiki, amma kuɗin da kowannenku zai biya kafin ya yi amfani da wannan 'yancin ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya tsaya ya auna wannan kuɗin hankali ya yi.

Duk da haka na lura da wani abu a wasiƙarka wanda nake ganin shi ne ya fi cutar da kai. Ka haɗa jinya da bashi da adashi da karatun yara ka ɗaure su a dami ɗaya, ka ɗaga ka ji ya fi ƙarfinka, sai ka yanke wa kanka hukuncin da maigidanka ya yanke maka, cewa babu inda za ka. Alhali in ka kwance damin za ka ga yawancin abin da ke cikinsa yana da ranar ƙarewa. Adashi zai ƙare bayan wata biyar. Bashin maigida, in aka ci gaba da cire dubu 25, zai ƙare bayan wata takwas. 'Yarka za ta gama jarrabawa a ƙarshen shekarar karatu. Abu ɗaya ne ba ka san ranarsa ba, wato jinyar Inna, kuma shi ne wanda ba kai kaɗai aka ɗora wa ba, ko da yake kai kaɗai ka ɗauka. Shawarata a taƙaice ita ce kada ka amsa wannan kiran na Duwala a yadda ya zo maka, kada kuma ka ci gaba da zama a yadda kake.

Bari mu fara da kiran kansa. Maganar waya ce daga aboki, kuma ina kyautata masa zato, amma ba shi ne zai biya ka albashi ba. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce duk yarjejeniyar aikin da za ta sa ma'aikaci ya bar garin da yake zaune ya koma wani wuri dole ne a rubuta ta. Ta kuma ɗora wa mai aikin da ya ɗauko ma'aikaci daga garinsa nauyin ba shi masauki ko kuɗin masauki, da kuɗin tafiyarsa shi da matarsa da ƙananan 'ya'yansa. Wannan haƙƙin yana tabbata ne idan kamfanin ne ya ɗauke ka daga Garwa a rubuce. In kuwa kai ka kai kanka Duwala ka tsaya a ƙofarsu, za su iya ɗaukar ka a matsayin mazaunin garin, ka rasa duk wannan. Saboda haka abu na farko shi ne ka ce wa abokinka kana godiya, kana kuma son kamfanin ya aiko maka da takarda mai ɗauke da albashin, da matakin da za a ɗora ka, da tsawon lokacin gwaji, da kuma bayanin ko aikin na dindindin ne ko na wa'adi. Lokacin gwaji yana da muhimmanci ƙwarai a wurin mutum irinka, domin a cikinsa ana iya sallamar ka ba tare da sanarwa ko diyya ba, kuma doka ta yarda ya kai har wata shida in an haɗa da sabuntawa. Kamfanin da ya ƙi rubuta maka takarda kana Garwa da wuya ya rubuta maka ita bayan ka isa Duwala ba ka da kuɗin motar dawowa.

Sai batun mako uku. Ma'aikacin da ya haura shekara biyar a wuri ɗaya, in yana cikin matakai na 1 zuwa na 6 na tsarin matakan ma'aikata, sanarwar wata biyu doka ta wajabta masa ya bayar a rubuce kafin ya ajiye aiki, in matakinsa ya fi haka kuma wa'adin ya fi tsawo. Wanda ya tafi bai cika ba, mai aikin yana da ikon neman kuɗin kwanakin da suka rage. A albashinka wannan zai kai kusan dubu 140, ka haɗa da dubu 200 na rance, ka ga za ka fara sabuwar rayuwa da bashin dubu 340 a wuyanka, ban da zubin adashi. Ƙarin da aka yi maka alkawari dubu 80 ne a wata, wato sai ka yi fiye da wata huɗu kana aiki kafin ƙarin ya biya kuɗin fitarka kawai. Kuma wannan lissafin bai taɓa babban abin ba tukuna. A Garwa kana gidan gado, ba ka biyan haya, tukunya ɗaya ake ɗorawa. A Duwala za ka kama ɗaki, masu gida a can kuma sun saba neman kuɗin watanni da yawa tun kafin a ba ka mabuɗi, za ka sayi abinci, za ka biya kuɗin babur ko tasi kullum, sannan ka ci gaba da riƙe gidan Garwa kamar yadda kake yi. Tsakanin garuruwan biyu ya haura kilomita dubu, tafiya ce ta kwana da yini, ba wadda za ka yi duk ƙarshen mako ba. Ka tambayi Hausawan unguwar New Bell da ka sani nawa suke kashewa a wata, ka rubuta, ka cire daga dubu 190. Ina kyautata zaton abin da zai rage a hannunka ba zai fi abin da kake samu yanzu da yawa ba, kuma zai zo ne tare da barin maiɗakinka ita kaɗai da mara lafiya da yara huɗu.

Akwai dukiyar da ka tara a wannan aikin wadda ba ka ambata ba, kuma ina jin ba ka taɓa lissafa ta ba. Kafin CNPS, wato hukumar fansho da tallafin ma'aikata ta ƙasa, ta ba mutum fanshon tsufa na wata-wata idan ya kai shekara 60, sai ya zama ya yi shekara 20 da rajista, an kuma zuba masa kuɗi na wata 180, daga ciki wata 60 a shekaru goma na ƙarshe. Wanda bai cika wata 180 ba kuɗi dunƙule ake ba shi sau ɗaya. Shekara 11 wata 132 ke nan, saura maka 48, da sharaɗin cewa maigidanka yana kai kuɗin da ake cirewa daga albashinka, kashi 4.2 cikin ɗari, tare da nasa kason. Mai aikin da ke jinkirta albashi ya cancanci a bincike shi a kan wannan, don haka ka je ofishin CNPS na Garwa da lambarka ka nemi a fitar maka da bayanin watannin da aka zuba. Labari mai daɗi shi ne wannan lambar taka ce, tana bin ka duk inda ka koma, kuma canza aiki ba ya goge abin da aka riga aka zuba. Haɗarin yana wurin komawa hannun wanda ba ya yi wa ma'aikatansa rajista, domin daga ranar lissafinka zai tsaya, har da kuɗin tallafin yara, wanda tun 2024 ya koma sefa 4,500 a wata ga kowane yaro, wato dubu 18 ga 'ya'yanka huɗu. Wannan ma tambaya ce da za ka saka a cikin abin da kake nema daga Duwala.

Wasu za su ce maka ka daure har a kore ka don ka samu kuɗin sallama, tunda wanda ya ajiye aiki da kansa ba a ba shi. Gaskiya ne ba a ba shi, amma ka san girman abin. A mafi ƙarancin abin da doka ta tanada, ana lissafa kashi 20 cikin ɗari na albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, kashi 25 a biyar na biyu, kashi 30 daga ta 11 zuwa ta 15. Naka zai kama wajen dubu 280. Kuɗi ne, amma bai kai a sayar masa da shekaru ba, kuma ba na son ya zama wata sabuwar igiya a ƙafarka.

Yanzu ga maganar maigidanka, wadda na san ita ta fi yi maka zafi. Da ya ce babu inda za ka iya zuwa, ya faɗa maka dalilin da ya sa albashinka ya tsaya wuri ɗaya shekara huɗu. Mai aiki yana ƙara wa ma'aikaci kuɗi ne a mafi yawan lokaci idan yana tsoron rasa shi, kuma duk abin da ya sani game da nauyin da ke kanka yana rage masa wannan tsoron. Haka abin yake ga mace mai goyo, da mai ciwon da ke buƙatar asibiti kusa, da wanda takardun karatunsa ba su da yawa, da duk wanda mai aiki yake bi bashi. Ka sani cewa rance ba ya hana ma'aikaci ajiye aiki. Bashi ne kamar kowane bashi, ana biyansa bisa yarjejeniya, kuma ko ka bar shi yana nan a kanka har ka biya, amma ba ya mayar da kai bawa. Duk da haka kada ka ƙara karɓar ko sisi daga hannunsa, ko da larura ta taso, gara ka nema a dangi. Ka kuma rage kai masa labarin gidanka. In ka samu wani ɗan rara bayan adashi ya ƙare, ka zuba shi a kan rancen domin wata takwas ɗin nan su ragu, kuma ka riƙa karɓar takardar shaida duk lokacin da aka cire.

Ka duba takardar albashinka ma, domin akwai ladan daɗewa a aiki da doka ta wajabta, kashi 4 cikin ɗari bayan shekara biyu, sannan ƙarin kashi 2 kowace shekara, ana lissafa shi a kan mafi ƙarancin albashin matakinka. In albashinka bai motsa ba ko kaɗan tsawon shekara huɗu, akwai alamar tambaya a nan. Ofishin sufeton ƙwadago yana ba da bayani kyauta, kuma zuwa neman bayani ba kai ƙara ba ne. Ban ce ka tayar da rigima yanzu ba, domin mai jinya ba ya buƙatar shari'a a kan jinya. Na ce ka san haƙƙinka ka adana takardunka, saboda ranar da za ka zauna da shi ka yi magana a tsanake, kana da ranakun da aka jinkirta albashi a rubuce.

Na bar batun Inna zuwa nan ne saboda shi ne mafi nauyi. Haushin da kake ji gajiya ce ta wanda ya shekara yana ɗaga mara lafiya da asuba kafin ya tafi lissafin buhuna a sito, kuma istigfarin da kake yi shaida ne cewa zuciyarka tana nan da ranta. Ya tabbata a hadisi cewa wani mutum ya nemi izinin fita jihadi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya ce e sai ya umarce shi ya yi jihadinsa a cikin hidimarsu. Don haka zamanka kusa da ita ba asara ba ce, kuma ni ba zan ba ka shawarar ka yi mata nisan kilomita dubu a wannan halin ba, ko da lissafin kuɗin ya fi haka kyau. Amma Inna ta haifi mutum huɗu, kuma haƙƙinta yana kan ku huɗun, maza da mata. Abin da maiɗakinka take yi alheri ne da ya kamata a gode mata a kansa a gaban dangi, a kuma sauƙaƙa mata shi, domin in ta gaji ta kwanta gidan gaba ɗaya ne zai tsaya.

Ka kira taron 'yan'uwa, in da hali a sa kawu ko baffa wanda kowa yake jin nauyinsa ya zauna a ciki. Kada ka shiga da ƙorafi, ka shiga da takarda: ga kuɗin magani a wata, ga na gashin ƙashi da motsa jiki, ga na abinci, ga rancen da na ci saboda ciwon nan. Ƙanenka na Yawunde ba zai iya kwana a ɗakinta ba, amma zai iya turo wani adadi sananne ta waya a rana sananniya kowane wata, kuma ya kamata ya ɗauki kaso a cikin dubu 200 ɗin da suka rage, tunda ba don kanka ka ranta ba. Ƙanwarka ta Garwa, da yardar mijinta, za ta iya ɗaukar wasu ranaku a mako. Ta Marwa za ta iya zuwa ta yi makonni lokacin hutun makaranta. In kuɗin ya isa, a ɗauki wata dattijuwa amintacciya ta riƙa taimakawa da rana. Na san akwai kunya a wurin babban wa ya ce wa ƙannensa ya gaza, kuma mu Hausawa mun iya haɗiye irin wannan har ta zama ciwo. To amma sau da yawa ƙanne suna yin shiru ne saboda sun ga yaya bai yi magana ba, sai su ɗauka komai yana tafiya daidai. Ka kuma sanar da Inna kanta abin da ake ciki gwargwadon yadda lafiyarta za ta ɗauka, domin ciwo bai raba ta da matsayinta na uwa ba, kuma albarkarta a kan duk matakin da za ka ɗauka tana da daraja.

Abu na ƙarshe da nake so ka gyara shi ne tunanin cewa canjin aiki yana nufin Duwala. Kayan da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala suna hawa jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, daga nan manyan motoci su bi da su ta Garwa da Marwa da Kuseri har Njamena, kuma duk inda kaya suka sauka ana buƙatar mai riƙon sito amintacce. Hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton tana Garwa, ana yin siminti a Figil, ga manyan 'yan kasuwar kayan gini da na masarufi, ga ƙungiyoyin agaji da ke da rumbuna a arewa. Mutumin da ya yi shekara 11 da mabuɗin sito a hannunsa ba a taɓa kama shi da ɓatan buhu ba yana da abin sayarwa, kuma direbobi da dillalan da ke shiga wurinka kullum sun fi kowa sanin inda ake neman irinka. Ka tambayi kamfanin Duwalan ma ko yana da reshe ko abokin ciniki a arewa. In ba ka iya lissafin kaya a kwamfuta ba, ka yi amfani da watannin nan ka koya da yamma, domin shi ne abin da manyan kamfanoni suke fara tambaya yanzu. Aikin dubu 140 a Garwa, kana kwana a gidanku, zai iya fin na dubu 190 a Duwala amfani.

Ka ba abokinka amsa a wannan makon, cikin girmamawa, cewa kana son aikin amma ba za ka iya tashi cikin mako uku ba, kuma in suna so su aiko da takarda su ba ka lokacin cika sanarwarka. In sun aiko, ka kai ta wurin sufeton ƙwadago ya duba maka, ka kawo ta gaban taron 'yan'uwa a yanke shawara tare. In ba su aiko ba, ka ci gaba da nema a nan gida, kuma kada ka miƙa takardar ajiye aiki sai sabuwar yarjejeniya tana hannunka da sa hannu. Ranar da ka miƙa ta, ka tuna doka ta ba ka kwana ɗaya a kowane mako na wa'adin sanarwa, da cikakken albashi, domin neman aiki, kuma wajibi ne a ba ka takardar shaidar aiki mai nuna ranar da ka fara da ranar da ka bari da irin aikin da ka riƙe. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya ba Inna sauƙi.